Yanzu Ko Nan Gaba

Shafi na 19

Masu cika mini waya da "Kawu shiru, Kawu shiru," na gani. Ba a kan wayar nake kwana ba. Ga shi nan, kowa ya karanta da hankalinsa.

Wanda bai san inda aka kwana ba, ga shi a gajarce. Sravani, yarinyar da ke haya a ɗakin sama na gidana a Jersey City, ta gama karatun harkar kuɗi a shekarar da kasuwa ta faɗi, bankuna suna sallamar mutane ɗari-ɗari. Irinsu da suka zo karatu daga waje, doka ta ba su katin aiki, ta kuma ba su kwana casa'in kacal su zauna ba aikin. In casa'in ta cika, sai jirgi. Ranar da nake ba ku labari Juma'a ce, kwananta tamanin da huɗu. Ranar Larabar da ta wuce wani ƙaramin kamfanin zuba jari mai suna Kestwick ya ce ta zo ta fara ranar Litinin. An yi murna, an soya abin soyawa.

To.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan, ana zafin watan Agusta, ina kicin ina ɗaure hannun tukunyar shinkafa da yaran nan suka ɓalla. Yuting, 'yar Sin da ke ɗakin tsakiya, ta baje akwatunanta a ƙasa tana raba kayan da ba za ta iya tafiya da su ba. Ita nata kwanakin sun cika, jirginta ranar Lahadi. Lokesh yana can ƙarshen tebur da kwamfutarsa, domin ranar Juma'a daga gida yake aiki.

Lokesh ɗan garin su Sravani ne, Guntur, katanga ɗaya ta raba gidajen iyayensu. Shekara uku yana aiki a Kestwick ɗin, kuma shi ya miƙa sunanta.

Sravani ta sauko da takarda uku a hannu. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye ta farko a kan madannan kwamfutarsa.

"Yaya, karanta layi na sha ɗaya."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ina aiki, 'yar barkono."

Haka yake kiran ta, saboda babanta dillalin barkono ne a kasuwar garinsu.

"Karanta."

"Na ce ina aiki."

Yuting ta miƙo hannu ta zare takardar. Ta gyara murya kamar mai karanta labarai.

"Shin kina buƙatar kamfani ya tsaya miki wajen biza, yanzu ko nan gaba?" Ta matso da takardar kusa da ido. "An cike A'a."

Ta dubi Sravani sama da ƙasa.

"Iyye. Yaushe kika zama 'yar ƙasa ba ki kira mu walima ba?"

Ba wanda ya yi dariya.

Tambayar nan duk yaron da ya taɓa kwana a gidana ya san ta kamar sunan uwarsa. Tana jikin kowace takardar neman aiki, da akwati biyu a ƙarƙashinta, E da A'a. Lokacin da kasuwa ke ci, ka ce E, a ce ba komai, zo. Da kasuwa ta faɗi, wanda ya ce E inji ne ke watsar da takardarsa tun ɗan'adam bai ɗora ido a kai ba. Sravani ta ce E sau ɗari huɗu da wani abu.

Ta ce, "Ƙarfe uku suka turo. Wai in sa hannu cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne, in mayar kafin biyar. Yaya, ni ban cike takardar nan ba."

Lokesh ya rufe kwamfutar a hankali.

"Na sani. Ni na cike."

"Na san kai ka cike. Ranar ina kwance da zazzaɓi, ka ce in ba ka lambar sirrina, ka san yadda suke so. Abin da nake tambaya, hannunka ne ya zame?"

"Bai zame ba."

Ta ja kujera, amma ba ta zauna ba. Ta riƙe bayanta da hannu biyu.

"Sau huɗu suka kira ni ganawa. Sau huɗu ina fitowa ina cewa mutanen kirki ne, ba su ko tada maganar biza ba. Ashe ba kirki ba ne."

"Da kin ce E, ko ta farko ba za ki gani ba."

"Ka yi ƙarya da sunana."

Ya ɗaga yatsa.

"Tsaya. Wace ƙarya? Mu bi ta dalla-dalla, ai ke ce mai lissafi. Tambaya ɗaya ce mai kai biyu. Yanzu, kina buƙata?"

Ta kawar da kai.

"Ina tambayar ki. Yau ɗin nan kina buƙatar wani ya tsaya miki?"

"Ina da kati."

"Kina da kati. Kai ɗaya ya faɗi. Saura nan gaba. Wa ya san nan gaba? Kina iya auren ɗan ƙasa. Kina iya gajiya ki koma gida. Kina iya mutuwa, Allah ya kiyaye."

Yuting ta ce, "Ko kamfanin ya riga ta mutuwa, yadda kasuwar nan take."

"Ka ji. Ko Yuting ta gane. An tambaye ki gaibu, kin ba da amsar da ta fi miki. Ina ƙaryar?"

Sravani ta ce, "Katin nan ranar ƙarewarsa a rubuce take a jikinsa. Nan gaban da kake cewa ba wanda ya sani, gwamnati ta buga shi da baƙin tawada."



Sai Lokesh ya juyo wajena.

"Kawu, ka yi mata magana mana. Kwana shida suka rage mata."

Na ce, "Ni ɗaki nake bayarwa haya, ba fatawa ba. Amma tunda ka tambaya, ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Litinin za ta je da katin a hannu ko ba za ta je da shi ba?"

Ya ce, "Kawu, da girmanka, ku zamaninku da fasfo da addu'a ake shigowa. Ba inji ne ya tace ku ba."

Na bar shi, domin akwai gaskiya a maganar. Na koma kan tukunyata.

Ya juya wajenta, ya sassauta murya.

"Saurara, ƙanwata. Na san kamfanin nan ciki da bai. Mai karɓar kati ranar Litinin daban, mai ajiye wannan takarda daban. Ofishin ɗaukar ma'aikata mutum tara ne bara, yanzu saura uku. Wa ke da lokacin zama yana haɗa wannan da wancan? Ki shiga. Ranar da kika zauna a kujera, ƙirgen kwanakinki ya tsaya. Ki yi wata shida kina zuwa kafin kowa kina tashi bayan kowa. In kin zama ba a iya yi sai da ke, sai ki je ki ce an samu kuskure a takarda. A lokacin su za su nemo lauya da kansu."

"In kuma sun gane ranar Litinin?"

"Sai su ce ki tafi. Kin koma inda kike yau. Me kika rasa?"

"Sunana. Yau ni yarinya ce da ba ta samu aiki ba. Ranar Litinin zan zama yarinyar da ta sa hannu a kan ƙarya a kamfanin da ke riƙe dukiyar mutane. Harkar nan ƙauye ce, Yaya, kai ka faɗa mini. Kowa ya san kowa. Ko a Mumbai na nemi aiki, waya ɗaya za a buga."

"Suna." Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Sunan za ki ci a jirgi?"

Yuting ta tura wani akwati da ƙafa zuwa tsakiyar kicin.

"Ku bari in sa baki, tunda ni na riga na mutu, ba na tsoron kabari. Ni na faɗi gaskiya sau ɗari shida. Ga ladana nan, kilo ashirin da uku sau biyu, har da tukunyar da ba ta shiga ba. Kawu, ka riƙe ta, gado ce."

Sravani ta ce, "To me kike cewa in yi?"

"Ni? Da ni ce da tuni na sa hannu na je na sayi takalmin ofis. Amma ni ba na kunna wa abin bauta fitila da safe kamar ke. Ke kika san da wa za ki haɗa ido in kin hau ɗakinki."

"Wannan ba shawara ba ce."

"Ai ban ce ina da ita ba. Mai shawara ne ke ɗaure kaya?"

Agogon bango ya nuna huɗu da kwata. Fanka na ta kaɗa takardun, Sravani ta danne su da kwalbar yaji.

Lokesh ya ce, "Kin yi waya da gida jiya?"

"Kada ka shigo da su."

"Ni na yi. Innata ta ce babanki ya bi kasuwar barkono rumfa-rumfa da tiren alewa. Innarki ta fasa kwakwa goma sha ɗaya a wurin bauta. Har mai shayin bakin tasha ya san Sravani ta samu aiki a New York. Za ki kira Baba ki ce ya koma ya karɓo alewarsa?"

"Kai ka jawo."

"Ni na jawo miki aiki, e. Ki kai ni ƙara."

Ta zuba masa ido. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba, wanda ya miƙa takobin yakan tsaya jiran godiya.

Ta ɗauki wayarta.

"Zan kira Misis Delaney."

Misis Delaney ita ce matar da ke ɗaukar ma'aikata a Kestwick, ita ta turo takardar.

"Ki ce mata me?"

"Gaskiya. An samu kuskure a layi na sha ɗaya, ina buƙata nan gaba. In suna so na a haka, to. In ba sa so, na san na fita da fuskata."

"Sai ta ce, wa ya yi kuskuren?"

"Sai in ce wani ya taya ni cikewa."

"Sai ta duba ta ga daga ina aka turo." Ya shafa fuska da hannu biyu. "Daga kwamfutar ofis na tura, Sravani. Da sunana a jiki, a matsayin wanda ya miƙa ki."

Yuting ta ce, "Kai, wannan ɗan Guntur. Duk wayon nan, a kan tabarmar mai gida ka yanka kazarsa?"

"Ina sauri ne. Ranar za a rufe karɓa."

Ya dubi Sravani.

"Kin san abin da ke biyo baya. Kafin ki ajiye wayar an kira ni. Bizata a jikin kamfanin take, in sun kore ni kwana sittin gare ni. A wannan kasuwar. Ke da kika nemi aiki kwana tamanin da huɗu, ki faɗa mini abin da sittin za ta yi."

Ta ajiye wayar a kan tebur kamar mai ajiye ƙwai.

"Wato in na faɗi gaskiya, na kashe ka."

"Mun tafi tare. Ke Alhamis, ni Oktoba."

"In na yi shiru na ƙi sa hannu, na tafi ni kaɗai."

"E."

"In na sa hannu, na zama kai."



Sai yanzu ta zauna. Ta daɗe tana kallon kwalbar yajin. Ni dai ina ɗaure tukunya. Na ga yara da yawa sun zauna a kujerar nan da irin wannan fuska, 'yan Indiya, 'yan Sin, 'yan Kenya, 'yan Turkiyya. Kowa yakan zo da gaskiyarsa cike da akwati, kwanaki su yi ta yagar ta kaɗan-kaɗan. Ban ce mata komai ba. Ba a koya wa mai ciwo kwanciya.

Ta ce, "Yuting, ara mini biro."

Yuting ta laluba cikin tarkacenta ta miƙo wani.

"Riƙe shi gaba ɗaya. Inda za ni akwai biro."

Lokesh ya sauke numfashi. Har kafaɗunsa suka sauka.

"Yawwa, 'yar barkono. Wata rana za ki tuna yau ki yi dariya. Za ki sayo mini agogo ma."

"Kada ka yi mini magana."

"Na yi shiru. Amma kawo sauran shafukan in duba miki, kada a sake samun wani abin. Su mutanen nan a ƙananan rubutu suke ɓoye ƙaya."

Ta tura masa biyun da suka rage ba tare da ta dube shi ba. Ta cire marfin biron, ta jawo ta farko gabanta, tana neman layin sa hannu.

Ya fara karantawa yana gyaɗa kai.

"Albashi ba laifi. Hutu kwana sha biyar, haka suke ba kowa. Inshorar lafiya daga ranar farko, kin ga wannan ma..."

Sai ya tsaya.

Ya juya shafi na uku. Ya dawo na biyu. Ya sa yatsa a wani layi, bakinsa na motsi ba sauti.

Yuting ce ta fara lura.

"Malam, lafiya? Ka ga sunan tsohuwar budurwarka ne?"

Ya ce, "Sravani. Wa ya yi miki ganawar ƙarshe?"

"Wani dogo mai furfura. Voss."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ka tambaye ni? Ka ce duk wanda na gani in yi murmushi in yi maganar farashin mai."

"Gurbin da na miƙa ki babu sunan tebur a jiki, wato sashen da za ki zauna. Mai nazari kawai aka rubuta."

"To yanzu sun rubuta. Teburin mai da iskar gas, ƙarƙashin Mista Voss. Mene ne?"

Yuting ta ce, "Ba nan kake ba, Lokesh? Ai shi ke nan, abu ya yi kyau. Ku riƙa tafiya jirgi ɗaya, ku ci abincin rana a kwano ɗaya, ku ishi Turawa da warin yaji."

Ya ce, "Kujera uku ce a teburin."

"Sai a ƙaro ta huɗu. Kamfanin ya rasa kujera ne?"

"Voss ya faɗa a taron ranar Litinin. Ba ƙarin mutum ko ɗaya har shekara ta fita. Wanda ya fita ne kawai ake cike gurbinsa."



Yuting ta bar kayan da take ninkewa. Ta zo ta tsaya a kansa, ta harɗe hannu. Yarinyar nan da ta samu aiki da an ji jiki, domin ba ta tambayar banza.

"Su wa ke sauran kujeru biyun?"

"Becca da Tom."

"'Yan ina?"

"Becca haifaffiyar Ohio ce. Tom ɗan ƙanin matar mai kamfanin ne."

"Bizarka yaushe za ta ƙare?"

"Ƙarshen Oktoba."

"Lauyan kamfani ya shigar da takardar sabuntawa?"

"Ya ce yana dubawa."

"Yaushe ya ce?"



"Sati biyar ke nan."

"Ka sake tuntuɓar sa?"

"Sau uku. Yana hutu, in ji su."

Yuting ta zare shafin daga hannunsa. Wannan karon ba ta gyara murya ba.

"Za ki yi sati uku na farko kina karɓar aiki daga hannun wanda ke riƙe da shi yanzu." Ta ɗago. "Lokesh, kwanan nan an ce ka rubuta yadda kake aikinka?"



"Ranar Talata. Voss ya ce in rubuta komai daki-daki, har inda nake ajiye kowane lissafi. Wai don tsari."

"Ka rubuta?"

"Shafi arba'in. Har ya ce na yi ƙoƙari."

Yuting ta koma ta zauna a kan akwatinta. Ta ce, "Kai."

Sravani tana riƙe da biron, ta kasa ko motsi.

"Ban gane ba," in ji ta. Amma ta gane. Baki ne kawai yake neman wanda zai ƙaryata shi.

Yuting ta ce, "Me ne ba ki gane ba? Sun gaji da ɗawainiyar biza. Suna neman wanda zai yi aikin Lokesh, mai irin karatunsa, mai irin haƙurinsa, wanda ba sai an tsaya masa ba. Duk mai irin karatun nan a garin nan E yake cewa. Sai ga takarda ɗaya tilo ta ce A'a. Kuma wa ya kawo ta? Shi da kansa. Har da shaidar cewa yarinyar kirki ce."

Lokesh ya ce, "Na rubuta musu cewa ta fi ni lissafi."

Kaza garin tone-tone ta tono wuƙar yanka kanta. A zuci na faɗa, ban furta ba. Wanda ya faɗi ƙasa ba ya buƙatar a gaya masa ƙasa na da tauri.

Ya tashi ya je bakin famfo, ya buɗe, ya tsaya yana kallon ruwan bai sha ba. Ya rufe. Ya dawo.

"Wataƙila ba haka ba ne," in ji Sravani. "Wataƙila Becca ce za ta tafi."

"Becca ta sayi gida watan jiya."

"To Tom."



Agogo ya nuna biyar saura ashirin.

Lokesh ya zauna daf da Sravani. Muryarsa ta canja, ba irin ta ɗazu ba ce mai koyar da darasi.

"In ba ki zo ba, sai sun sake nema daga farko. Talla, tacewa, ganawa huɗu. Wata biyu ke nan aƙalla. Ba za su bar teburin ba kowa a ƙarshen shekara ba, Voss ba zai yarda ba. Dole su sabunta mini, ko da ba sa so."

Ta juyo ta dube shi sosai.

"Me kake cewa, Yaya?"

"Ba sai kin kira kowa ba. Ba sai kin yi bayani ba. Ki rubuta musu layi biyu, kin gode, kin samu wani wuri."

"Wane wuri?"

"Haka ake cewa."

"Wane wuri na samu, Yaya? Kujerar jirgi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ke yarinya ce. Shekararki ashirin da huɗu. Ki koma, ki yi shekara biyu a Mumbai, ki dawo ta wata ƙofar. Ni shekara bakwai na zuba a ƙasar nan. An sa ranar aurena Disamba, kuma kin san saboda aikina na ƙasar nan aka ba ni yarinyar."

"Alewar Baba fa?"

"Sravani."

"A'a, ina tambaya ne. Ɗazu ka ce ba a karɓo alewa. Kwakwa goma sha ɗaya fa? Mai shayin bakin tasha fa?"

"Ke da bakinki kika ce ƙarya ce. Kika ce sunanki. Kin yi gaskiya, ni ne ban gani ba. Kada ki sa hannu a kan ƙarya."

Yuting ta yi wata dariya mara daɗi.

"Kawu, ka ga tuba? Minti ashirin, ba malami ba wa'azi."

Na ce, "Na gani."

Lokesh ya ɗora hannu a gefen takardar. Bai ja ba, ya dai ɗora.

"Don girman iyayenmu, ƙanwata. Kada ki sa hannu."

Ta dubi hannun nasa har sai da ya janye shi.

"Awa guda kana koya mini cewa ba wanda ya san nan gaba," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. "Na ƙi, ka nace. Na kawo suna, ka ce ba a cin sa a jirgi. Sai da na yarda da karatunka, na karɓi biro, sannan kake so in mayar maka da shi."

"Ban san kujerata ba ce."

"Da ta Becca ce fa?"

Ta nuna shi da biron.

"Da ta wani ɗan Kenya ce mai biza irin taka, da mata da 'ya'ya biyu? Da yanzu kana zaɓar agogo."

Ya buɗe baki, wayarta ta fara ruri a kan tebur. Ta yi ta karkarwa har ta doki kwalbar yajin. Duk mu huɗu muka ga sunan da ya fito.

Misis Delaney.

Lokesh ya ce, "Bar ta ta katse."

Ta yi ƙara ta biyu.

"Sravani, bar ta. Mu yi magana tukuna. Minti biyar kawai."

Ta uku.

Yuting ta tashi tsaye. Ni ma na ajiye tukunyar.

Sravani ta mayar da biron hannun dama, ta ɗauki wayar da hagu. Ta danna inda kowa zai ji, ta ajiye ta a kan takardar, daidai layi na sha ɗaya.

Muryar matar ta cika kicin, fara'a fal.

"Sravani, sannu. Na ga biyar ta kusa ban ga takardarki ba, na ce bari in ji ko lafiya. Akwai wani abu a ciki da bai yi daidai ba?"

Lokesh ya haɗa tafin hannunsa biyu a gaban fuskarsa, irin roƙonsu na can gida.

Sravani ba ta dube shi ba.

Ta ce, "Misis Delaney, takardar tana gabana. Shi ma wanda ya cike ta yana gabana."